Nauyin Taimur a Sikelin Tasha

Multan, 9 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga yayata Apa Kishwar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ke da mutan gida kuna lafiya, ƙafarki kuma ta yi sauƙi. Ina gaida Masta Allah Ditta, tunda na san shi zai karanta miki wannan takarda a tsakar gida. Ina roƙonsa ya rage murya.

Apa, maganar ɗanki Taimur ce. Kin san ranar da aka ɗauke shi a jami'a ni na sa hannu a matsayin wakilin iyayensa a gari, don haka duk abin da ya taso ni ake nema. Ranar Laraba shugaban ɗakunan kwanansu ya aiko kirana. Na baro aikina a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa na tafi. Ya bar ni a tsaye minti arba'in, sannan ya ce, "Kai ne Mamunsa, ƙanen mahaifiyarsa? Yaronku sati uku bai leƙa aji ba. Idan bai cika kwanakin da doka ta ce ba, ba zai zauna jarrabawar Yuni ba, gadon ma wani za mu ba." Na ce to ina yake yini? Ya ce, "Cikin bargo. Je ka ɗaga ka gani."

Na je na ɗaga. Ƙarfe sha ɗaya na rana, yana kwance ya ba ƙofa baya. Na ce, "Tashi, ɗana, me ke damunka?" Ya ce, "Ba komai, Mamu." Zazzaɓi? Babu. Ciki? Babu. Wani ya taɓa ka? Babu. Tambaya tara na yi masa, da na koma gida na rubuta su a littafina, amsar duk ɗaya ce. Wataƙila ni ne ban iya tambaya ba. Matata Nusrat ta ce ina tambayar mutum kamar ina cike takardar kayan da suka ɓata.

Abin da na iya shi ne awo. Na kawo shi ofis na ɗora shi a sikelin da muke auna kaya. Kilo hamsin da biyu. Ranar da ya sauka garin nan a Satumba hamsin da tara ne, don a lokacin ma na auna shi da wasa, na kuma rubuta. Kilo bakwai sun tafi, ban san ta inda suka bi ba.

Na kafa masa doka: kowace Juma'a bayan masallaci ya zo ya hau sikeli, daga nan mu wuce gida ya ci abinci a gabana. Ko hakan daidai ne, ban sani ba. Idan akwai abin da kika sani game da shi wanda ban sani ba, ki faɗa mini.

Ki huta lafiya. Ƙanenki,
Fayyaz

Basti Kamala, 15 ga Fabrairu

Fajju,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda ka san ta.

Na ba ka yaro da kumatunsa, kai kuma ka ɗora mini shi a sikeli kamar buhun albasa! A tsakiyar tasha, kowa na wucewa yana kallo! Ai wannan awon ma shi ke jawo baki. Kuma wai me Nusrat take dafa muku ne? Miyar waken nan tata da mutum zai leƙa ya ga fuskarsa?

(Ni mai rubutu na gaya mata wannan magana ba ta dace da takarda ba, ta ce in rubuta. A.D.)

Direban motar Kot Addu zai kawo maka gwangwanin man da na kaɗa da hannuna daga nonon baƙar ɓaunarmu, da ƙullin badam mai kama da gyaɗa, da laya daga wurin malaminmu Pir Sahib. Badam ƙwaya bakwai za a jiƙa, a ɓare, a daka a zuba masa a madara da safe. Laya a damtsen dama. Dama na ce, ba hagu ba, don na san ka, sai ka zauna ka yi kwana uku kana tunanin wanne ne.

In kuwa karatun ne ke shanye mini shi, a dawo mini da abina. Gona ba ta taɓa ramar da kowa ba. Kai ma ai ka bar kwaleji, ga ka nan ba ka mutu ba.

(A ganina yaron soyayya ya faɗa. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na san alamarta. Muryata kuma ba ta da wani laifi. A.D.)

Ka gaida 'yan matanka uku. Nusrat ma ka gaishe ta.

Yayarka,
Kishwar Bibi, da dangwalen yatsanta

Multan, 27 ga Maris

Apa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yau da albishir na zo, ko kuma in ce ina tsammanin albishir ne.

Ga abin da ke littafina. Ranar 13 ga Fabrairu, hamsin da biyu. Ranar 27, hamsin da uku da rabi. Ranar 13 ga Maris, hamsin da shida. Yau, hamsin da tara da rabi, wato har ya zarce yadda kika kawo shi. Sai da na sauke shi na gwada sikelin da dutsen awo na gwamnati don kada in yi miki ƙarya. Sikeli lafiyarsa lau. Fuskarsa ta cika ta yi zagaye kamar gurasa, 'yan dakon tasha har tsokanarsa suke, "Ɗalibi, karatu kake ci ko kaji?" Ki gode wa ɓaunarki, ki gode wa Pir Sahib.

Sai dai Nusrat ta ɓata mini farin cikin. Bayan ya tafi ta ce, "Kai dai lamba kake kallo, ni yaro nake kallo. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ba ka ga ƙafafunsa kamar sillan kara ba? Ba ka ga ƙurajen wuyansa ba?" Na ce sikeli ba ya ƙarya. Ta ce, "To ka aure shi."

Na zauna na yi tunani, akwai abin da ban so ba. Aji yana zuwa wata rana, wata rana ba ya zuwa, kuma shugaban nasu ya ce idan ya ƙara rasa kwana goma an gama. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi. Yau autarmu Guddi ta taɓa jakarsa, ya daka mata tsawar da sai da ta yi kuka, shi da ke goya ta a wuya. Amma nauyi ai nauyi ne, ko ba haka ba? Na rubuta "an samu ci gaba" a littafi, na soke, na sake rubutawa.

Ina gaida Masta. Ba soyayya ba ce, na tambaya, ya dube ni kamar na zage shi.

Naki,
Fayyaz

3 ga Afrilu

Mamu,

Assalamu alaikum. Na ba ɗan dakon nan mai jan rawani ya kawo maka wannan. Yau ba zan zo ba, kuma ba zan ƙara hawa sikelin nan ba. Ni ba kaya ba ne.

Man Ammi ban taɓa shi ba, abokin ɗakina ya cinye. Ƙibar da kake murna da ita ta magani ce. Tun Fabrairu nake shan garin wani mai magani da ke lungun bayan Ƙofar Bohar, wanda tallansa ke rubuce a kowace katanga daga tasha har jami'a. Ka san irin tallan. Kowa na karantawa yana yi kamar bai gani ba.

Ba zan iya faɗa maka da baki ba, shi ya sa na rubuta. Ina yin mafarkin da ke wajabta wanka, wani lokaci sau biyu a sati. Kuma ina ganin wani fari-fari a fitsarina. Tun bara ƙarfina yake tafiya. In na buɗe littafi sai in karanta layi ɗaya sau biyar. Ba na jin daɗin komai, ko ƙwallon da nake so. Mai maganin ya riƙe hannuna ya ce ɗigo arba'in na jini ke yin ɗigo ɗaya na maniyyi, ni kuma nawa ya tsinke, ƙwaƙwalwata ce ke narkewa tana fita. Ya ce in ban dage da magani ba shekara biyu suka rage mini, aure kuwa in cire shi a raina.

To mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke tsiyayewa me zai yi da jarrabawa? Na yanke shawara ƙarshen wata zan tattara in koma ƙauye. Zan ce wa Ammi karatun ya fi ƙarfina.

Don girman Allah kada ka rubuta wannan a littafinka. Kada kuma Masta ya ji, in ya ji duk Basti Kamala ta ji. Kai ba za ka gane ba, Mamu, kai rayuwarka a layi take kamar hanyar jirgi. Ka yafe mini tsawar da na yi wa Guddi.

Taimur

Multan, 4 ga Afrilu

Apa,

Assalamu alaikum. Masta, don Allah ka karanta wannan yadda take, ba sharhi.

Ƙibar ba ta manki ba ce. Nusrat ta yi gaskiya, ni da sikelina mun yi kuskure. Sati shida ina auna ciwo ina rubuta "ci gaba".

Kin tuna ciwon idon da ya fitar da ni daga kwaleji a 1977? Shi ne ya kama Taimur. Ya ce zai baro karatu ƙarshen wata.

Tun jiya takarda huɗu na fara rubuta masa, huɗun na yaga. Na je har ƙofar ɗakunan kwanansu na tsaya, mai gadi ya ce, "Yallaɓai, shiga za ka yi ko auna ƙofar ka zo?" Na juyo. Ni da ban iya warkar da nawa idon ba, me zan gaya masa? Na san ba za ki gane abin da nake nufi ba. Na rubuta ne kawai don in ga na gaya wa wani.

Ki sa mu a addu'a.

Fayyaz

Basti Kamala, 8 ga Afrilu

Fajju,

Wa alaikumus salam. Za ka ga hannun rubutu ya canza. Masta ya karanta mini takardarka, ya ce a saya wa yaro tabarau, na ce to. Da ya tafi na ɗauki sandata na je wurin Baji Parwin, ungozomar asibitinmu, na sa ta dafa Alƙur'ani, ita ke rubuta wannan.

Wai ba zan gane ba! Wa ke wanke maka kaya a gidan nan shekarar da ka dawo? Wa ya tsinci kwalabe goma sha ɗaya a bayan rumbun alkama ya je ya zuba su a rafi don kada Abba ya gani? Ciwon ido! Kai da kake hango motar Kot Addu tun tana gada! Na sani tun a lokacin, sakarai. Na yi shiru don ina budurwa, wannan ba maganar da mace ke yi wa ƙanenta ba ce. Na ce zai wuce. Ya wuce ɗin, amma ya tafi da karatunka. Kai da malamai ke cewa injiniya za ka zama, ga ka kana auna buhun wasu. Da na ce maka ka bar kwaleji ba ka mutu ba, bakina ne kawai, ba zuciyata ba.

Baji Parwin ta ce abin da yake gani ba ciwo ba ne, kowane namiji mai lafiya yana yi. Ta ce garin nan ne abin tsoro, da kuma rashin walwalar. Ta ce likita, ba gobe ba.

Ni ba zan iya yi masa maganar ba, uwa ce ni, ubansa kuma yana ƙasa. Kai ne. Ka daina yaga takarda. In ka bari ya dawo mini da ciwon ido, wallahi zan hau mota da wannan ƙafar in zo in ɗora ka a sikelin da kaina.

Yayarka,
Kishwar

Multan, 12 ga Afrilu

Ɗana Taimur,

Assalamu alaikum. Na rufe wannan takarda da jan danƙon hatimi na ofis, in ka ga an taɓa shi ka gaya mini. Maganarka ban rubuta ta a littafi ba. Shafin ranar 3 ga wata fari ne, kuma shi kaɗai ne farin shafi a shekara ashirin da biyu.

Ka ce rayuwata a layi take. Bari in kwafo maka wani abu daga littafina na 1976, ina da shekara sha takwas, ina ajin farko a kwaleji a garin nan:

"14 ga Nuwamba. Ya sake faruwa. Na uku a wannan wata. Na je bayan Ƙofar Bohar. Ya riƙe hannuna ya ce ɗigo arba'in na jini ke yin ɗigo ɗaya. Ya ce shekara biyu suka rage mini, in manta da aure. Ban shiga ajin lissafi ba."

Haka na yi ta ƙirgawa wata biyar. Littafin ma don wannan ƙirgar na fara shi, ba don wani abin kirki ba. A Maris na gaya wa kakanka idona ba ya ganin allo, na tattara na koma ƙauye. Abin da kake shirin yi ƙarshen wata, ni na riga na yi shi, na san inda hanyar ke ɓullewa. A ofishin kaya take ɓullewa.

Jiya na koma lungun. Tsohon ya mutu, ɗansa ne a kujerar, kwalaben ma ina jin ba a canza su ba. Na ce ina jin kasala. Ya riƙe hannuna ya lumshe ido, ya ce, "Yallaɓai, ka zo a makare. Ɗigo arba'in..." Na ce, "Na sani. Shekara nawa suka rage mini?" Ya ce, "In ba ka dage ba, biyu." Na ce, "Mahaifinka ma biyun ya ba ni a 1976. Ga ni da 'ya'ya uku da furfura. Ku gidan nan ba ku da wata lamba ne?" Ya ce in fita. Na ce sai ya ba ni garin. Ban taɓa ɗaga wa mutum murya a kasuwa ba sai jiya, har yanzu ina tunanin ko na wuce gona da iri.

Daga nan na kai garin wurin Dakta Nadim na asibitin koyarwa, wanda littattafansa ke zuwa ta ofishinmu. Na ce ɗan wani abokina ne ke sha. Ya ce, "Shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa ganin mai ciwon ba, kullum ɗan aboki ne." Na faɗa masa kamannin fuskarka da ƙafafunka da rawar hannu. Ga abin da ya ce, na rubuta a gabansa don kada in ƙara ko in rage.

Mafarkin ba ciwo ba ne. Jiki ne mai lafiya ke zubar da abin da ya tara, kuma ba ya rage jini ko ƙwaƙwalwa. Farin fitsarin ma yawanci ba komai ba ne, amma zai gwada don hankalinka ya kwanta. Garin kuwa, ya ce da alama an daka wani maganin asibiti mai ƙarfi an cuɗa a ciki, shi ke kumbura fuska yana cin ƙashi. Ka ji wannan da kyau: KADA ka daina shansa rana ɗaya. Ya ce yanke shi farat ɗaya yana iya kayar da mutum, sai dai a riƙa ragewa a hannun likita. Ka zo da abin da ya rage maka.

Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne kwanciyar nan, da rashin jin daɗin komai, da karanta layi ɗaya sau biyar. Ya ce wannan ciwon damuwa ne, ɗalibai da yawa suna zuwa masa da shi, yana da magani, kuma zai iya rubuta wa jami'a takarda a kan kwanakin da ka rasa. Ya tambaya ko ka taɓa cewa ka gaji da duniya. Na ce ban sani ba. Tambaya tara na yi maka, babu wannan a ciki. To ga ta yanzu. In amsar eh ce, kada ka jira Talata, ka zo ofis yau, ko kana cikin rigar barci.

Talata ƙarfe takwas na safe zan tsaya a ƙofar asibitin ta gabas, wajen mai ruwan rake. Na ɗauki hutun yini. Ba zan shiga ɗakin likita ba sai ka ce in shiga. Masta Allah Ditta ya san ciwon ido kake yi, yana nema maka tabarau.

Na ɗora ka a sikeli ne don ban san yadda ake tambayar mutum ba. Ka yafe mini. Guddi ta manta da tsawar tuni, ta ce ka zo mata da alewa.

Mamunka,
Fayyaz

13 ga Afrilu

Mamu,

Wa alaikumus salam. Amsar tambayarka: wani lokaci, amma ba yau ba. Zan gaya wa likitan.

Zan zo gobe. Ƙofar gabas ɗin a rufe take da safe, ta arewa ake shiga, ka tsaya can.

Littafin bana ka bar shi a gida. Na 1976 za ka zo da shi, ina so in ga shafin da idona.

Kuma ka shiga tare da ni.

Taimur